TURANCI BA SHI DA KUNYA

Shafi na 23

Salamu alaikum mutanena. Saƙonninku sun iso, har da na baiwar Allahn da ta ce in na ƙara kwana ban saki shafin nan ba za ta hau mota ta zo Birnin Kudu ta ƙwace wayata. Ki zauna abinki Hajiya, ga shi na kawo. Ku gyara zama, yau ce ranar jarrabawar magana.

*

Tun a kan babur ɗin da ya ɗauko ta daga Surko, Bara'atu ta shige ɗakin nan nata na mafarki. Ba ta taɓa ganinsa ba ko a hoto, amma ta san komai nasa. Gado biyu ne a ciki, taga ɗaya mai farin labule, da 'yar butar shayi a kan tebur. Ita dai takardar ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin karatun cewa kawai ta yi, ma'aikatan lafiya mata shida da suka fi maki a jarrabawar Turanci ta matsakaicin mataki za a kai su Nairobi horon ungozoma na wata tara, kuma bibbiyu za a ajiye su a ɗaki. Daga "bibbiyu" ɗin nan Bara'atu ta gina sauran, har da kalar bargo.

A gadon da ke jikin taga take kwantar da Khuzaima. Da asuba ta tashe ta salla, ta haɗa mata shayi mai citta. Ranar Lahadi kuma ta zaunar da ita a gabanta, ta tsefe mata kai, ta yi mata kitso ƙanana ba tare da gaggawa ba. Shekara ashirin da biyu ke nan kitson nan yana cikin yatsunta ba ta samu kan da za ta sauke shi ba.

Domin Khuzaima 'yarta ce ta cikinta, ta fari kuma ita kaɗai, don daga kanta Allah bai sake ba ta haihuwa ba. Uban yarinyar, Abdulnasir, ya rasu tana da wata huɗu a duniya. Da aka yaye ta sai Inna A'i, mahaifiyar Bara'atu, ta goye ta ta tafi da ita Gwaram, ta ce jikarta ba za ta tashi tana jin ana ce mata marainiya ba. Ta raine ta a matsayin autarta, dangi suka kama bakinsu, ita kuma Bara'atu aka sa ta yi alkawarin kama nata har ranar da ƙasa ta rufe idon Inna. A wurin Khuzaima dai Inna ce uwa. Bara'atu kuwa Yaya ce mai aure a Surko, wadda ba ta cika sakin fuska ba.

Alkawarin bai yi mata nauyi ba da farko, don kunyar 'yar fari ta riga ta ɗaure mata baki. Ina uwa ina kiran sunan ɗanta na fari, balle ta zuba masa ido a gaban mutane? Da dangi suka laƙaba wa yarinyar "Auta" sai ta fake a nan, shekaru suka yi ta wucewa.

Sai bana ta ji Auta ta cike fom ɗin Nairobi. A ranar Bara'atu, mace mai shekara arba'in da ɗaya, ta sayi littafin rubutu ta fara zuwa darasin yamma wurin Malama Rose. Mijinta Malam Ɗan'azumi ya yi dariya har da riƙe ciki, wai Turancin da ya gudu tun tana budurwa shi za ta kamo da tsufa. Washegari kuma shi ya kawo mata biro biyu. Jiya aka yi jarrabawar karatu da rubutu da saurare, saura magana, minti goma sha biyu rak. In ta faɗi, yarinyar za ta tafi, 'yar wani ce za ta kwana a ɗaya gadon.

"Hajiya mun iso fa," in ji mai babur.

Ta yi firgigit ta sauko. Hadari ya haɗo ta bayan duwatsun gari, iska mai ƙamshin ƙasa tana kaɗa ganyen darbejiyar makarantar da aka ara don jarrabawar. A baranda mata ne zaune a kan benci, kowacce bakinta yana motsi, tana bitar abin da za ta faɗa.

Tun daga nesa ta gane Auta da tsayuwa. Haka uban yake tsayawa, ƙafa ɗaya a kan ɗaya.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau, Auta. Ya ƙafar Inna?"

"Da sauƙi. Ta ce a gaishe ki."

"Kin karya kuwa kafin ki taso? Gwaram ba nan kusa ba ce."

"Na sha koko." Khuzaima ta nuna bango da haɓa. "Kin duba takardar can?"

"Yanzu na sauka."

"Tare aka haɗa mu. Bibbiyu ake shiga, da sunan uba suka jera. Rabi'u da Rabi'u."

Murna ta kama Bara'atu. In an haɗa su a nan, ai can ma haka za a jera su. Labulen tagar nan ya sake kaɗawa a idonta, har ta ji ƙamshin cittar. Don kada murnar ta fito fili sai ta juya ta hau karanta takardar bango, kamar ba ta yarda ba sai ta gani.

"Ba ki ji daɗi ba ke nan," in ji Khuzaima.

"Wa ya ce?"

"Yaya, tambaya zan yi miki. Don Allah kada ki ce na yi rashin kunya."

"Ina jin ki."

"Me ya kawo ki jarrabawar nan?"

"Karatu mana. Ko an yanke shekarun da ake daina shi?"

"Shekara goma sha huɗu kina karɓar haihuwa a Surko, ba ki taɓa neman ƙari ba sai da kika ji na cike fom. Gurbi shida ne, mu goma sha tara ne. In ba kya so na tafi ne, ki faɗa min kawai, ba sai kin biyo ni har nan kin tare min hanya ba."

"Subhanallahi. Ke wa ya saka miki wannan a rai?"

"Ke."

"Ni?"

"Kin gani ko? Yanzu ma bango kike kallo. Tun ina ƙarama haka kike min. In kin zo Gwaram ki kawo min atamfa, ki kawo min takalmi daidai ƙafata ba tare da kin auna ba, amma ki miƙa wa Inna ki ce a ba yarinyar can. Ranar da na gama makaranta kowa ya rungume ni, ke kika shige madafa kika ce albasa ce ta shiga idonki. Rannan ko miya ba a ɗora ba, Yaya."

Bara'atu ta gyara mayafinta da bai zame ba.

"Rage murya, mutane na jin ki."

"Su ji. Ko sunana ba ki taɓa kira ba. Inna in ta yi fushi takan kira shi gaba ɗaya. Baba kafin ya rasu jan sa yake kamar waƙa. Ke kuwa Auta, Auta, in ta yi tsanani ki ce ke. Na sha tambayar kaina, sunan ne bai yi miki ba ko mai sunan?"

Wai sunan bai yi mata ba! Da Khuzaima za ta zare littafin da ke cikin jakar Yayar tata ta buɗe shafukan ƙarshe, da ta ga sunan nan layi bayan layi, da manyan baƙaƙe da ƙanana, don da shi aka gyara hannu. Kuma da ta natsu, da tuni ta gane wace irin mace ce ba ta kiran sunan yaro. To amma wa ke neman uwa alhali ya baro ta a gida tana shafa man zafi a gwiwa?

Sau ɗaya Bara'atu ta ji sunan a bakin mai zaɓensa. A ɗakin aurensu na garin Kangire ne, ruwa yana dukan kwano, Abdulnasir ya ɗauki jaririyar ya yi mata huɗuba a kunne, sannan ya matso ya raɗa mata ita ma a nata, yana dariyar yadda ta rufe fuska. Tun daga ranar sunan yake kwance a ƙarƙashin harshenta.

"Auta, ba yau ba," ta ce a hankali. "Bari mu fito."

"Kullum ba yau ba."

Aka buɗe ƙofar aji, aka kira Rabi'u biyu.

A bakin ƙofa akwai kwando da ake ajiye waya. Da Bara'atu ta saka tata sai ta tuna maganar Malama Rose ta ranar ƙarshe. Cewa ta yi, "Maman gida, kuskure ba ya kayar da mutum a jarrabawar nan, shiru ke kayarwa. Kuma Turanci ba shi da kunya. Ki ajiye taki a kwando tare da wayarki, in kin fito kya ɗauka." A lokacin dariya ta yi.

An kwashe kujerun ajin an jingine a bango, sai tebur ɗaya a tsakiya. Mai tambayar mace ce mai tabarau da fara'a, ta ce sunanta Christabel. Ta ajiye ɗan agogo a gabanta. A kusurwa kuma wani mutum ne zaune da takarda da biro, Mista Luke, wanda aka ce shi ba ya magana, maki kawai yake sakawa. Kujerun masu jarrabawa biyu an haɗa su har kafaɗarsu tana gogar juna. Bara'atu ta ji ɗumin jikin yarinyar ta cikin mayafi. Rabonta da jin ɗumin nan kusa haka tun ranar yaye.

Da Turanci aka fara, kuma da shi za a gama. Madam Christabel ta tambaye ta sunanta, da garinsu, da aikinta. Amsoshin suka fito sumul kamar yadda ta haddace. Har ta tuna ta ɗora haƙora a kan leɓe wurin faɗin shekarunta, yadda Malama Rose ta sha wahalar koya mata don kada "f" ta rikiɗe ta koma "p". Ta saci kallon kusurwa, ta ga Mista Luke ya gyaɗa kai. Gadon jikin taga ya matso kusa.

Madam ta duba takardunsu, ta ɗago tana murmushi, ta tambaya ko 'yan uwa ne, tunda sunan uba ɗaya.

"She is my sister," in ji Khuzaima, murya a daƙile.

Madam ta ce abin sha'awa, ya da ƙanwa a jarrabawa ɗaya. Sai ta juyo kan Bara'atu, ta ce to ta jero mata baƙaƙen sunan ƙanwar tata ɗaya bayan ɗaya.

Bara'atu ta natsu. Jero baƙaƙe ai ba kiran suna ba ne. Ta lumshe ido, shafin ƙarshen littafinta ya buɗe a gabanta.

"K. H. U. Z. A. I. M. A."

Ko tuntuɓe ɗaya babu. Khuzaima ta ɗan juyo ta kalle ta da mamaki, don ko a asibitinsu na Gwaram kullum sai an yar mata da "H" ɗin nan.

Madam ta yaba. Sannan ta ce sunan yana da kyau a ido amma ita ba ta san yadda ake furta shi ba, Bara'atu ta faɗa mata ta ji.

Nan fa ake yin ta.

Bara'atu ta buɗe baki. Sunan ya taso daga ƙirji ya zo har maƙogwaro ya tsaya cak. Ta ji kamar duk matan Gwaram da na Kangire sun shigo ajin sun jeru a jikin bango, da kakanninta da ba ta taɓa gani ba, kowacce ta riƙe haɓa tana jira ta ji marar kunyar da za ta kira sunan 'yar fari a gaban baƙi. A waje ruwa ya fara sauka, ɗigo ɗaya ɗaya a kan kwano.

Madam ta maimaita tambayar a hankali, ta ɗauka ba a gane ba ne.

Shiru.

Biron Mista Luke ya motsa a kan takarda. Ƙaramin motsi ne, amma Bara'atu ta ji shi har cikin haƙoranta.

"Khuzaima," in ji mai sunan da kanta. Ba Madam take kallo ba. Gefen fuskar Yayarta take kallo, idonta ya kawo ruwa, irin kallon nan na ai na faɗa.

Aka wuce zuwa hoto. Madam ta miƙa wa Khuzaima hoton wata kasuwa ta ce ta bayyana abin da ta gani na minti ɗaya. Yarinyar ta haɗiye ɓacin ranta ta fara. Turanci ya yi ta zuba daga bakinta, mai tumatur, mai lema, yaron da ke jan hannun babarsa, har da hasashen cewa ruwa ake shirin yi shi ya sa kowa ke sauri. Bara'atu ta manta jarrabawa take. Daɗi ya cika ta har ta ji hancinta yana yaji. Wannan bakin da ta taɓa goge wa nono da gefen zaninta, yau shi ke juya harshen Turawa haka.

Sai aka turo mata nata hoton.

Tashar mota ce. Wata budurwa ce da akwati a bakin ƙofar bas, ƙafarta ɗaya a kan matakala. Wata mata kuma tana tsaye daga ƙasa ta ɗaga hannu. Bara'atu ta san kalmomin duka, ta san akwati, ta san tafiya, ta san bankwana. Amma tana kallon hoton sai matar ta koma ita, bas ɗin ya tashi a hankali ya bi titin Kano, ya yi ta ƙanƙancewa tsakanin gonakin gero har ya ɓace. Ita kuma tana nan tsaye da hannu a sama.

Da ƙyar ta ce akwai mace. Ta ce akwai jaka. Ta ce akwai mota.

Daga nan bakin ya rufe.

Biro ya sake motsawa. Ta kalli agogon tebur, saura minti uku. A cikin kanta ta ga wata baƙuwar yarinya ta shigo ɗakin nan na Nairobi, ta ajiye jakarta a kan gadonta, ta ɗauki butar shayin. Ta ga an sauya labulen. Baƙin ciki ya kama ta, don ta san da hannunta take miƙa ɗakin.

Madam Christabel mace ce mai tausayi. Ta janye hoton, ta cire tabarau, ta ce bari su yi hira mai sauƙi a kan iyali. Ta zaɓo tambayar da take ganin ko ɗan firamare zai amsa.

"Do you have any children?"

Wai tana da 'ya'ya?

Amsar tana nan a shirye. Sau nawa ta maimaita ta a gaban Malama Rose, kalma uku ce kacal a Turance, a'a ba ni da su. Daga nan sai ta zarce da labarin jariran da take karɓa a Surko, wanda ta haddace tsaf, ta cike minti ukun, ta tsira da abin da ya saura.

Amma a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa yi mata tambayar nan da Hausa a gaban yarinyar. Mutanenmu sun san abin da ba a tambaya. Ɓoyewa ta yi, kawar da kai ta yi, amma ba ta taɓa buɗe baki ta ce ba ta haifa ba. Yanzu ga kafaɗar yarinyar a jikin tata, ana so ta faɗa. Ita da ta ɗora jarirai sun fi ɗari a ƙirjin iyayensu tana cewa ga naki, riƙe abinki.

Ruwan ya ƙarfafa, ƙararsa ta cika ajin, irin ta ɗakin Kangire sak. Wani tunani ya zo mata a hankali kamar a barci. Alkawarin da ta yi wa Inna shi ne ba za ta faɗa wa yarinyar ba. To ai ba ita ta yi tambayar ba, wannan baiwar Allah ce mai tabarau. Kuma da Hausa aka ɗaure ta. Matan nan da suka jeru a bango, a cikinsu wa ke jin Turanci?

"Yes," ta ji bakinta ya ce. "One."

Khuzaima ta ɗago kai.

Madam ta yi murmushin samun hanya, ta ce ta ba ta labarin ɗan ko 'yar.

Sai bakinta ya buɗe kamar ƙofa. Turancin da Bara'atu ba ta san tana da shi ba ya fara fitowa, wani a miƙe, wani a karkace, ba ta tsaya gyara ba. Ta ce mace ce. Ta ce da damina aka haife ta, ranar Laraba, ana ruwa irin wannan. Ta ce ba ta yi kuka da wuri ba sai da aka mari ƙafarta, kuma tun daga ranar ba ta iya yin shiru in an ɓata mata ba. Ta ce ba ta son miyar kuɓewa, tana tsoron ƙadangare amma ba ta tsoron jini. Ta ce tana tsayawa kamar ubanta, tana dariya kamar shi, alhali ba ta san fuskarsa ba.

Biron kusurwa yana ta gudu yanzu, ba irin gudun ɗazu ba.

Khuzaima har ta ɗan saki fuska. An gaya musu tun a darasi cewa ba gaskiya ake aunawa ba, Turanci ake aunawa, in ba ka da labari ka ƙirƙira. Ta ɗauka Yaya ce ta rasa abin faɗa ta ari halayenta ta yi 'yar ƙarya da su. Abin ma ya so ya ba ta dariya, ashe Yaya ta san da maganar ƙadangare.

Bara'atu ba ta tsaya ba. Ta ce yarinyar tana da ɗan tabo a bayan kunnen hagu, inda ɗan kunnen uwar ya karce ta tana shan nono, tana da wata bakwai. Ta ce ta yi kuka rannan fiye da jaririyar. Ta ce ba ta taɓa yi mata kitso ba.

Murmushin Khuzaima ya tsaya. Inna ce mata ta yi ƙaya ce ta karce ta a gona.

Madam ta kalli agogo, saura 'yan daƙiƙu. Ta yi tambayar rufewa, wadda ake yi don a sallami mutum cikin daɗi. Ta ce, ya sunanta?

Matan bangon nan duk sun ɓace. Ba kowa a ajin sai ruwa, da wani mutum mai dariya da ya matso kusa da kunnenta shekara ashirin da biyu da suka wuce.

"Her name is Khuzaima," in ji Bara'atu. "She is my daughter."

Ashe haka sunan yake a baki. Ya fi yadda take zato laushi, kuma bai ƙone ta ba.

Khuzaima ta zungure ta da gwiwar hannu, ta manta an hana Hausa a ɗakin, ta raɗa da sauri.

"Sister, Yaya. Sister za ki ce. Daughter 'ya ke nan, 'yar da mutum ya haifa. Gyara kafin ya rubuta."

Madam Christabel ma ta karkato kai cikin tausasawa, ta tambaya ko ƙanwa take nufi. Kuskure ne da ta saba ji, masu koyo suna yawan haɗa kalmomin nan biyu.

Ga hanya an buɗe mata, fili guda. Abin da ya rage kawai ta ce eh, ta yi dariya, ta ce tsufa ne. Maki ɗaya zai tafi, alkawarin Inna ya zauna daram, ta fita ta ɗauki wayarta da kunyarta a kwando. In Allah ya sa ta ci, su tafi Nairobi a matsayin ya da ƙanwa, ta yi kitson nan a matsayin Yaya. Ba abin da take nema ke nan ba tun farko?

Ta kalli hannunta a kan tebur. Sunan ya riga ya fita, kuma ta ji ba za ta iya mayar da shi inda ya kwanta ba.

"No," ta ce. "Not sister. I carried her nine months."

Wata tara ta ɗauke ta a cikinta. Wannan kam ko Mista Luke ya san ba kuskuren kalma ba ne, don ajiye biron ya yi.

Agogo ya yi ƙara. Madam Christabel ta kashe shi, ta mayar da tabaranta, ta ce ta gode, jarrabawa ta ƙare. Muryarta ba ta fita sosai ba.

Ba wadda ta tashi. Hannun Khuzaima ya tafi a hankali ya shiga ƙarƙashin ɗankwalinta, ya lalubo bayan kunnen hagu ya tsaya a can. Ɗaya hannun kuma ya kama wuyan hannun Bara'atu, riƙo mai ƙarfi, yatsun sun yi sanyi.

"Yaya..." ta fara, sai ta tsaya, kalmar ta ƙi zama.

Bara'atu tana kallon tebur.

"Kalle ni."

Ta ɗago. Karo na farko tun ranar yaye ta zuba wa fuskar nan ido a gaban mutane, ba ta kawar ba. Ashe girar ma ta Abdulnasir ce.

"Na ji da Turanci," in ji Khuzaima. "Turanci kowa yana kuskure a cikinsa."

Ta ƙara matse hannun.

"Faɗa min da Hausa."